Malam Edita, ku riƙa sa mana ranakun yunwa da na ruwa a shafin tarihi

Assalamu alaikum Malam Edita. Ina gajiya, ya aiki, ya kuma zafi. Mu nan Tawa Afrilu ya zauna mana daram, da rana ko akuya ba ta son fita, da dare kuma kowa ya jawo tabarmarshi tsakar gida. Ni tsohon malamin gona ne, na ajiye aiki, yanzu ba ni da abin yi sai rediyo da 'yar gonata da jaridarku da yarona ke buɗe mini a waya, kuma wannan wasiƙar ma ni ke faɗi shi ke dannawa, in kun ga kuskure to nashi ne ba nawa ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne ɗan shafin nan naku na tunawa da ranakun tarihi. Ranar 15 ga Afrilu kun tuna da juyin mulkin 1974, kun ce Laftanar Kanal Seyni Kunce ya kifar da gwamnatin Diori Hamani, kun sa hoto, shi ke nan kunka wuce. Wallahi Malam Edita sai da na ce ma yaron ya ja ƙasa ko akwai saura, babu. To ina yunwar? Ai wanda bai san farin da anka sha tun daga 1968 har ya kai ƙarshen muni a 1973 ba, bai san abin da ya sa mutane da yawa ba su yi kukan faɗuwar gwamnatin ba. Ni lokacin ina yaro ɗan lakwal, na ga Buzaye da Fulani suna gangarowa daga Azawak babu raƙumi babu saniya, mutumin da jiya ake ƙirga garkenshi da ɗari ɗari yau ga shi da ƙwarya a ƙofar gidanmu yana jin kunyar ɗaga kai, bakin hanya kuma mushe ne ko'ina har ungulu ta ƙoshi ta bari. Mun ci jar dawar taimako wadda tuwonta ko miya ba ta gyara shi. A Yamai unguwar da ake ce ma Lazare yau, sansanin waɗanda fari ya koro ne a wancan lokacin, amma ku tambayi samarin da ke zaune cikinta ku ji ko mutum nawa sunka sani. Kuma wannan farin ne ya haifi CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel ta yaƙi da fari, a Wagadugu ranar 12 ga Satumba 1973, da cibiyar AGRHYMET da ke nan Yamai tun 1974 wadda ke bin sawun damina da fara. Duk wannan yana cikin 15 ga Afrilu, ku kuwa kun ba mu hular soja kawai.

Yarona ya taɓa nuna mini wasu mutane a YouTube, Amurkawa, waɗanda aikinsu shi ne shirin ko-ta-kwana. Mutum ya haƙa ɗaki ƙarƙashin ƙasa ya cika shi da gwangwanaye da ruwa da batir, kuma suna da ranakun da suke tunawa duk shekara, irin su Oktoban 1962 da Amurka da Tarayyar Sobiyet sunka kusa harba ma juna nukiliya kan Kuba, da 26 ga Afrilu 1986 da tashar Carnobil ta fashe, da 29 ga Agusta 2005 da guguwar Katrina ta shiga Nu Olins, har watan Satumba gaba ɗaya an ware shi can ƙasarsu don maganar shiri. Na yi dariya da farko don wasu cikinsu abin ya zame musu kamar ciwo, bindiga ta fi abinci yawa a ɗakin. Amma daga baya na ce kai, aƙalla su suna riƙe da ranakunsu. Mu da yunwar 2005 ɗin nan tamu ta fi tasu ciwo a wurinmu, wa ke tuna ta?

Kuma ba daga gare su za mu koya ba, kakanninmu sun riga su. Su ba su da kalanda ta bango, sai sunka riƙa laƙa ma shekara suna don kar a manta. Kakata ta wajen uwa ba ta san shekarunta ba amma ta san an haife ta kafin Kakalaba, wato yunwar 1913 zuwa 1914, kuma har ta rasu ba ta yarda a zubar da ƙanzo ba, in ta ga ƙwayar hatsi a ƙasa sai ta duƙa duk da ciwon baya. Daga bakinta na ji yadda ake tona gidan tururuwa don a ƙwace ɗan hatsin da ta tara, da yadda ake sussukar ƙarangiya a fidda ɗan ƙwayar cikinta, da yadda ake jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki ana canza ruwa har ɗacin ya fita kafin a dafa, don in ka yi gaggawa ita za ta kwantar da kai. Wannan ilimi ne fa Malam Edita, ba tatsuniya ba, kuma a 2005 na ga matan ƙauye sun koma ma anza da jiga da tafasa da idona, waɗanda sunka koya daga tsofaffi sun fi waɗanda ba su koya ba sauƙi. Sai 1931 da fara ta cinye yammacin ƙasa, ƙasar Zabarmawa ta fi kowa jin jiki, ga lanho Bature bai ɗaga ba, bayan nan ne anka matsa ma ƙauyuka da rumbun tsimi na dole wanda mutane sunka tsana don da bulala ya zo, ko da yake dabarar kanta ba laifi gare ta ba. 'Yan uwanmu na Najeriya su ma suna da nasu sunayen, 'Yar Gusau da Muda da sauransu. Ta 1984 kuwa ku je Maraɗi ko Damagaram ku ce El Buhari ku ga tsoho ya girgiza kai, sunan ya samo asali ne daga rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Janar Buhari ta yi a Afrilun wannan shekara daidai lokacin da damina ke shirin ƙin zuwa, hatsin da ake shigowa da shi ya tsaya, cin rani ya tsaya.

Tunda kuna son ranakun haihuwa, don kusan kullum sai na ga kun taya wani Alhaji murnar ƙarin shekara da hoton babbar riga, to ga wasu. Kunce an haife shi 1 ga Yuli 1931 a Fandu, ku duba shekarar da kyau, shekarar fara ce, kuma cikin ƙasar da fara ta fi ɓarna. Ni ba na cikin masu mai da shi waliyyi, mulkinshi akwai tsoro, akwai waɗanda anka ɗaure ba shari'a, mu ma'aikata mun san yadda gabanmu ke faɗuwa in an ce ga shi nan ya iso ba sanarwa. Amma maganar cimaka bai yi wasa da ita ba, magazin na OPVN, hukumar ajiyar cimaka ta ƙasa, ya kan so ya gani da idonshi, kuma bayan 1984 shi ya tura mu noman rani ƙarfi da yaji, ni kaina an kai ni wani fadama an ce ko ka fito da kabeji da dankali ko ka san inda dare ya yi maka. Ya rasu 10 ga Nuwamba 1987 a Paris. In 1 ga Yuli ta zo, maimakon dogon yabo ku tambayi mai karatu buhu nawa ya rage mishi, don Yuli ce tsakiyar wahala, shuka ta fito rumbu ya yi ƙasa kasuwa ta hau.

Ga wani kuma da na tabbata ba ku taɓa sa hotonshi ba, wani likitan yara ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, an haife shi 12 ga Nuwamba 1934. A 1971 lokacin yaƙin Bangaladash kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira, ruwan da ake ƙara ma mutum ta jijiya ya ƙare, sai ya sa anka riƙa haɗa gishiri da sukari cikin ruwa a durom ana ba mutane suna sha, 'yan uwan maras lafiya da kansu ke ba su, mutuwa ta ragu ƙwarai. Ruwan gishiri da sukarin nan da ake ba yaranmu in zawo ya kama su, wannan bawan Allah na cikin waɗanda sunka nuna ma duniya yana aiki. Ku buga ranar haihuwarshi ku sa haɗin a ƙasa da manyan baƙaƙe: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe ba a tula ba, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba yaro kaɗan kaɗan a kuma kama hanyar likita. Wannan layi biyun ya fi shafi guda na gaisuwar Alhazai amfani, ku yi haƙuri da ni. Akwai kuma Henri Dunant na 8 ga Mayu 1828 wanda ya kafa ƙungiyar agaji ta Kuruwa Ruj, shi dai ana tuna shi duk shekara ba ya buƙatar ni.

Wanda ni ya fi taɓa ni shi ne Yakuba Sawadogo na Yatenga a Burkina Faso, manomi ne kamar kowa, ya rasu 3 ga Disamba 2023, ya samu babbar kyauta ta duniya a Suwidin a 2018. Shi ya gyara tsohuwar dabarar da su ke ce ma zai mu kuma nan Adar muke ce mata tassa. Ƙarshen shekarun 1980 anka kai wasu manoman Illela can Yatenga sunka gani sunka dawo sunka gwada, daga nan abin ya bazu. Ga wanda bai sani ba, fako ne da ya bushe ƙaƙas kamar siminti wanda ko ciyawa ta ƙi shi, sai ka bi shi tun da rani kana haƙa 'yan ramu kamar faɗin ƙwarya zurfin kamar taƙi guda, ƙasar da ka fidda ka tara ta ta gefen gangare don ta tare ruwa, ka zuba taki hannu ɗaya ko biyu, gara ta zo ta yi nata aikin ta huda ƙasa, ruwan farko in ya sauka ya zauna cikin ramin bai gudu ba. Aiki ne mai karya baya, ban ɓoye ma kowa ba, amma na ga shekarar da gonar jigawa ta ƙone ƙurmus mai tassa ya ɗaure dammanshi. Fakon da da kyauta ma ba a so sai ga shi ana saye da sayarwa. Haka aikin Keita da anka fara a 1984 da taimakon Italiya, mata da duwatsu a ka suna jera gandari a kan tsauni, da layukan dogon yaro na kwarin Majiya can wajen Buza da anka fara dasawa a 1975 don tare iska, shekarar da anka mai da 3 ga Agusta ranar dashen itace. Waɗannan duk ranaku ne namu na Adar kuma ban taɓa ganin ko ɗaya a shafin ba.

Amma ranar da za a tuna abu ita ma sai an yi mata dabara. In kun bari sai Satumba kunka tuna mana ambaliya to kun makara, ruwa ya riga ya shigo ɗaki. Daren 1 ga Satumba 2009 ne koramar Telwa ta fasa ta shiga Agadas, garin da kowa ke ganin ko a mafarki ruwa ba zai ci shi ba. Farkon Satumba 2020 kogin Isa ya kai mita 7 a Yamai, abin da ba a taɓa aunawa ba, Lamorde da Kirkisoy da Saga duk sun sha. Ɗiyata na aure can hayin kogi, Allah ya tsare rai amma takardun haihuwar yara da kartar mijin da takardar fili duk sun jiƙe sun narke cikin akwati, sun fi shekara suna safa da marwa kafin su maida wasu, abin da leda biyu da ƙusa ɗaya a saman bango za su hana. A 2024 kuma cikin Agusta ruwa ya yanke manyan hanyoyin shiga Yamai har motocin kaya sunka yi layi, Maraɗi ta ga abin da ta gani, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe farkon Satumba. To waɗannan a Mayu ya kamata ku fara tuna su, lokacin da mutum zai iya yaɓe bangonshi, ya gyara indararo, ya yashe lambatun ƙofar gida da makwabta, wanda ya gina cikin hanyar ruwa kuma ya san gidan ɗan uwan da zai kai yara in dare ya yi dare. Kwari ba ya manta hanyarshi ko ya shekara ashirin bai zo ba, mu nan Adar mun san wannan.

Ita kuma yunwa a Oktoba ake tuna ta, ranar da kowa ya ƙoshi. Lokacin kaka ne hatsi ke araha, lokacin ne kuma ake biki ake aure ake biyan bashi, manomi ya kwashi hatsinshi ya kai kasuwa ya sayar da arha, watan Yuni ya dawo wurin ɗan kasuwar nan dai ya saye shi da tsada ko ya ci bashi a kan amfanin da bai ma shuka ba. Na shekara talatin ina wannan wa'azin a ƙauyuka. Fara ta sauka ƙarshen daminar 2004, duk wanda ke gona ya san 2005 ba za ta yi daɗi ba tun Oktoba, amma sai da hotunan yaran Maraɗi sunka fita a telebijin na duniya wajen Yuli sannan anka tashi, har ana gardama a sama wai yunwa ce ko ba yunwa ba ce. A 2010 kuma makiyaya ne sunka sha kashi, mutum ya riƙe shanunshi yana ƙin sayarwa suna da ƙiba, sai da sunka kasa tashi ya sayar da saniya kuɗin da bai kai na tunkiya ba, wasu ma ruwan farko ne ya ƙarasa su. Da ya rage biyar tun Disamba ya sayi dusa da hatsi da ya tsira da sauran. Na san faɗi ya fi yi sauƙi, Bafulatani da saniyarshi sai Allah.

Lissafin ba wuya gare shi ba, bari in ba ku na gidana. Mu goma sha ɗaya ne, tiya 2 muke ci a wuni tsakanin tuwo da fura, buhun kilo 100 tiya 40 ne, kenan buhu guda kwana 20. Daga Yuni zuwa ƙarshen Satumba kwana 120, buhu 6 kenan waɗanda ba a taɓawa ko da wa ya mutu ko wa za a aurar, uwargida ta san wannan dokar kuma ta fi ni tsanani a kai. Wanda ke da rumbu ya bar hatsinshi a dami kar ya sussuke, ya fi daɗewa ƙwari ba su ci ba, kuma wannan ba ni na ƙirƙiro ba, yana cikin Suratu Yusuf inda Annabi Yusuf alaihissalam ya ce abin da kunka girbe ku bar shi cikin zangarniyarshi sai kaɗan da za ku ci, shekara bakwai na wadata don bakwai na tsanani. Shi ya sa in wani ya ce mini tanadi rashin tawakkali ne sai in ce ya je ya tambayi malaminshi hadisin ɗaure raƙumi. Wake kuwa a shanya shi ya bushe sosai a zuba a buhun nan mai leda biyu ciki ko a bido mai murfi a cika shi fal a toshe, iska in ba ta shiga ƙwaro zai mutu da kanshi, ba sai an zuba maganin da ke kai mutane asibiti ba. A busar da kuɓewa da tumatir da zogala da yakuwa tun suna banza a kasuwa.

Mutanen birni kar su ce wannan maganar ƙauye ce. Su tuna 12 ga Janairu 1994 da anka wayi gari sefa ta rasa rabin darajarta, mu masu albashi mun ji a jikinmu, kuɗin na nan yadda yake a aljihu amma magani da duk abin da ke zuwa daga waje ya tashi. Su tuna farkon Agusta 2023, wannan kam ko yaro ya gani, ba siyasa na kawo ba kowa da ra'ayinshi, amma wutar da ke zuwa daga Najeriya wadda a lokacin ita ce wajen kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasa ke sha ta yanke, iyakoki sun rufe, shinkafa ta hau, kana da kuɗi a banki amma sai ka yi layi tun asuba a ba ka ɗan abin da anka ga dama, har zuwa 24 ga Fabrairu 2024 da anka ɗage takunkumin da CEDEAO ta sa ma ƙasa bayan juyin mulki. In wuta ta tafi pampo ma sai ya yi shiru, wanda ke da randa biyu da bido huɗu cike da ɗan faranti na sola da rediyo mai batir da 'yan jikkoki a ƙarƙashin katifa shi ya yi barci. Masu ciwon sukari da hawan jini kuma da ba su da maganin wata guda a ajiye sun ga tashin hankali. Ma'aikatan agaji na lissafa lita 15 ga mutum guda a wuni in ana cikin matsi, sha da dahuwa da ɗan wanki, kowa ya ninka da yawan gidanshi ya ga kwana nawa randarshi za ta kai shi.

Roƙona dai Malam Edita, shafin nan kar ku soke shi, ku ƙara mishi layi. Ranar Jamhuriya ta 18 ga Disamba da ta 'yancin kai duk ku bar su, Alhazan ma ku bar su tunda na san su ke biyan kuɗin talla. Amma Fabrairu in ta kama ku tuna sanƙarau na 1995 ku ce a duba katin rigakafin yara, Mayu ku tuna ruwa, Oktoba ku tuna Kakalaba da El Buhari da 2005. Kuma ku tura yaranku masu ɗaukar labari ƙauyuka da 'yar wayar nan su naɗi muryar tsofaffi, don kowane gari da sunan da ya ba shekarunshi na wahala da abin da anka ci anka rayu, waɗanda sunka ga 1973 da girmansu saura kaɗan, a unguwarmu bana kaɗai mun binne biyu. In kuna son wanda zai raka su Illela ko Keita ko Buza ni ina nan, ƙafa ce dai ta ɗan yi nauyi amma na san gidajen da za a shiga.

A gaida ma'aikata duka. Yaron ya ce cajin wayar ya kusa ƙarewa.

Naku mai karatu,
tsohon malamin gona, Tawa